Telosait: sabuwar ƙwayar halitta ce, ko faiburobilas aka sauya wa suna?

Malam Bashir:
Assalamu alaikum jama'a. Ga tambaya ga masu aikin duba nama a maikuroskof. A ce an yi yankin farafin mai kaurin maikuromita 4, an rina shi da rinin CD34 (wani furotin da ke fatar wasu ƙwayoyin halitta), sai ga wasu ƙwayoyin halitta a tsakanin curin tsoka da kewayen ƙananan jijiyoyin jini. Jikinsu ƙarami ne, kusan duk cibiya ce ta cika shi, ga kuma zarurruka biyu ko uku dogaye sirara sun fita daga jikin. Irin waɗannan hotuna sun cika mujallu yanzu, kowanne an rubuta "telosait" a ƙarƙashinsa. Wannan shaidar ta isa a ba ƙwaya wannan suna? In ba ta isa ba, me ya rage?

Dakta Hadiza:
Wa'alaikumus salam Malam Bashir. Ba ta isa ba, ko kusa. CD34 yana kama shimfiɗar cikin jijiyoyin jini, yana kama ƙwayoyin asali na jini, yana kama faiburobilas (ƙwayoyin da ke yin zaren kolajin mai riƙe nama) masu yawa a fata da kewayen manyan jijiyoyi, yana kama faiburosait ɗin da ke yawo a jini, waɗanda aka bayyana tun 1994. Ƙaramar jijiyar jini da wuƙa ta shafo ta gefe, ba ta ratsa cikin bututun ba, layi siriri mai ruwan ƙasa za ta ba ka da cibiya guda a jikinsa. A yankin maikuromita 4 babu mai rantsuwa cewa ba ita ba ce. Abin da ya halatta a rubuta a wannan mataki shi ne "ƙwayar tsakanin nama mai ɗauke da CD34". Daga nan sai a tsaya.

Farfesa Garba:
Na yarda da Dakta a kan CD34, amma kada a ɗauka sunan ba shi da tushe. Kamata ya yi mu fara sanin inda ya fito, domin ruɗanin yana cikin tarihin.

A 1893 Santiago Ramón y Cajal ya bayyana wasu ƙwayoyi masu rassa a bangon hanji, ya ɗauke su wani nau'in ƙwayoyin jijiyar laka. Sai a 1982 Lars Thuneberg ya kawo hujjar cewa su ne ke saita bugun motsin hanji, a farkon shekarun 1990 kuma aka gano suna ɗauke da furotin c-kit a fatarsu kuma ba sa samuwa yadda ya kamata in babu shi. Waɗannan su ne ƙwayoyin Cajal, kuma matsayinsu ya zauna. Daga 2005 ayarin Laurențiu Popescu a Bukares ta Romaniya ya fara ba da rahoton ƙwayoyi masu kama da su a wajen hanji: a saifar ciki mai yin insulin, a tsokar mahaifa, a bututun ƙwai, a nono, a zuciya. Suka kira su "masu kama da na Cajal". Da aka ci gaba da dubawa sai aka ga kamannin na sama-sama ne kawai. A 2010 Popescu da Maria-Simonetta Faussone-Pellegrini ta Fulorans a Italiya suka ba su sunan telosait, zarurrukansu kuma telofod.

Abin lura shi ne ba da rini aka ayyana su ba. Da siffa aka ayyana su, a maikuroskof na ilektiron. Jiki ƙarami, wajen maikuromita 9 zuwa 15, da ɗan ruwan ƙwaya kaɗan kewaye da cibiya. Telofod daga 1 zuwa 5, galibi 2 ko 3. Tsawonsu daga gomman maikuromita har ɗaruruwa. Suna fita daga jiki a siraran tun daga tushe, ba wai su fara da kauri su riƙa sirancewa ba, kuma wannan shi ne babban abin da ke raba su da rassan faiburobilas na yau da kullum. A tsawon zaren akwai gaɓa siririya, ƙasa da nanomita 200, sai kumburi mai kusan nanomita 250 zuwa 300, sai siririya, sai kumburi. A cikin kumburin ake samun maitokondiriya da ragar cikin ƙwaya da ƙananan ramukan fatar ƙwaya da ake kira kabiyola. In zaren zai yi reshe, biyu yake rabuwa. Yana haɗuwa da zaren 'yar'uwarsa su yi raga, yana kuma taɓa wasu ƙwayoyin: tsoka, jijiyar laka, jijiyar jini, ƙwayoyin garkuwa.

Aminu:
Ranka ya daɗe Farfesa, in siririyar gaɓar ba ta kai nanomita 200 ba, ai ta faɗa ƙasa da abin da maikuroskof na haske zai iya rabewa. To me muke gani ke nan a hotunan rini?

Malama Rabi:
Aminu, ka taɓo wurin. Iyakar maikuroskof na haske wajen rabe abu biyu kusan nanomita 200 ce, ko da madubin mai ne. Amma rabewa daban, hangowa daban. Abu mai nanomita 80 in yana fitar da haske za ka hango shi, sai dai zai bayyana da faɗin 200 ko fiye. A rinin DAB, wato sinadarin da ke ba da launin ruwan ƙasa, ma ya fi haka, domin launin ruwan ƙasar yana bazuwa daga inda aka samar da shi, musamman in an bar shi ya wuce minti 5 zuwa 10. Ke nan kana ganin inda zaren ya bi, amma ba ka da ikon auna kaurinsa, ba ka kuma da ikon cewa zare ɗaya ne ko uku ne suka kwanta kan juna. Duk wanda ya ba da kaurin telofod daga hoton DAB, kaurin tabon rini ya auna.

Dakta Nura:
Ni matsalata ta wuce ta rini, ta kai har maikuroskof na ilektiron ɗin da Farfesa ya dogara da shi. Yankin da ake sa wa a ciki kaurinsa nanomita 60 zuwa 80 ne. Ka ɗauki falle ɗaya na takarda ka yanke da almakashi, ka dubi bakin yankan: layi siriri dogo za ka gani. Ƙwayar da ta baje jikinta fale-fale haka take bayyana a kowane yanki. Kuma lissafi ma yana nuna hakan. Zare na gaske mai kaurin nanomita 100 da ke lanƙwasa a cikin nama, da wuya ƙwarai ya zauna cikin yanki mai nanomita 70 har tsawon maikuromita 50 bai fita ba. Guntaye ya kamata a gani, da ɗige-ɗige inda aka yanke shi a gicciye. In hoto ɗaya ya nuna layi mara yankewa mai wannan tsawo, abin da ya fi kusa da hankali shi ne faffaɗan falle aka yanka.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Ayarin Bukares da kansa ya yi amfani da FIB-SEM, maikuroskof na ilektiron mai kankare nama siriri-siriri yana ɗaukar hoton kowane hawa, a zuciyar mutum da fatar mutum a 2014 da 2015, suka sake gina siffar a fuska uku, sai ga telofod da yawa sun fito a baje, wasu kamar ɗamara, wasu faffaɗa kamar mayafi. To faiburobilas da ta huta, wadda ba ta cikin aikin gyaran rauni, ita ma haka take bajewa.

Farfesa Garba:
Dakta Nura, lissafinka daidai ne, amma abin da ya rushe shi ne kalmar "zare", ba ƙwayar ba. Ko zare ne ko falle, tambayar ita ce akwai ƙwaya mai ƙaramin jiki da ke shimfiɗa kanta nesa haka, tana haɗa raga, tana zagaye wasu sassa? Akwai. Kuma cikinta ya bambanta da na faiburobilas mai aiki. Faiburobilas mai yin kolajin jikinta cike yake da raga mai ribosom, buhunan ragar a buɗe, Golgi babba, cibiya mai haske da ƙwayar cibiya a fili. Wannan kuwa ragarta kaɗan ce, Golgi ƙarami, cibiyar ta fi duhu a gefe-gefe.

Dakta Nura:
Ranka ya daɗe, ai bayanin da ka yi yanzu shi ne bayanin da tsofaffin littattafan histoloji suka yi wa faiburobilas mai hutu: ƙaramin jiki, raga kaɗan, cibiya mai duhu, rassa sirara. Kwatanta ta da mai aiki ba adalci ba ne. Da mai hutu za a kwatanta, kuma nan ne iyakar take ɓacewa.

Dakta Hadiza:
Kafin ku yi nisa, bari a ba Malam Bashir abin da zai yi aiki da shi, domin ko wane ɓangare mutum yake, dole ya fara kore waɗanda ba su ba ne. Aikin korewa ne, ba na tabbatarwa ba.

A yi rini biyu ko uku a yanki ɗaya da haske mai launi, ba a yankuna mabambanta ba. Yanki na gaba da ke nesa da maikuromita 4 ba zai ƙunshi zaren da ka gani a na farko ba, don haka kwatanta yankuna masu bin juna ba ya amfani a nan. Haɗin da aka fi yarda da shi CD34 da PDGFRα (shi ma furotin ne na fatar ƙwaya), tare da CD31 don fitar da shimfiɗar jijiyar jini. Wadda ake nema tana da na farko da na biyu, ba ta da na uku. Ga naman mutum QBEnd/10 shi ne antibodin CD34 da aka fi sani.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne jijiyoyin limfa. Ƙaramar jijiyar limfa bangonta siriri ne ƙwarai, ba ta da shimfiɗar ƙasa cikakkiya, ba ta da ferisait (ƙwayoyin da ke rungume ƙananan jijiyoyin jini) a kewayenta, kuma a naman da aka cire daga jiki takan lotse, bangon biyu su manne. Abin da ya rage layi ne dogo siriri mai lanƙwasa da cibiya jefi-jefi. CD31 nata yana da rauni, har ana iya ɗauka babu. Masana a Romaniya da Sulobakiya sun ja hankali a kan wannan. Dole a sa Prox1, wanda ke rina cibiya, ko LYVE-1. D2-40 shi kaɗai bai isa ba, domin furotin ɗin da yake kamawa yana jikin wasu ƙwayoyin tsakanin nama ma, ke nan zai iya sa ka kori wadda kake nema.

Sauran masu kama: ferisait, da NG2 da PDGFRβ, kuma a manne take da jijiya cikin shimfiɗar ƙasa. Ƙwayar Schwann mara kitse, da S100 da SOX10. Makurofej mai rassa da faiburosait na jini, CD45 zai fitar da su duka. Mayofaiburobilas, da αSMA.

Aminu:
Dakta, ba ki ambaci c-kit ba. Takardu da yawa na farko da shi suka yi aiki.

Dakta Hadiza:
Da gangan na bar shi. Gado ne daga zamanin "masu kama da na Cajal". A hanjin mutum, inda ake iya ganin su biyun gefe da gefe, ƙwayar Cajal tana da c-kit da ANO1, telosait kuma tana da CD34 da PDGFRα, ba ta da c-kit. A sauran sassan jiki rahotanni sun saɓa wa juna. Kuma ƙwayar mast, ɗaya daga ƙwayoyin garkuwa, tana ɗaukar c-kit sosai, tana nan ko'ina a tsakanin nama. Duk wanda ya ƙirga masu c-kit bai sa tiriftes ya fitar da mast ba, adadinsa ba abin dogaro ba ne. A zuciya kuma wasu ƙwayoyin shimfiɗar jijiya suna da c-kit.

Malama Rabi:
Ƙari a kan maganar Dakta ta fuskar benci. Yankin maikuromita 4 bai dace da wannan aiki ba sam. A yi yanki mai kaurin 30 zuwa 50 daga naman da aka daskarar ko da na'urar yanka mai girgiza, ko a ɗauki bangon gaba ɗaya in siriri ne kamar na hanjin ɓera. A bar antibodi ya kwana ɗaya ko biyu a digiri 4, da Triton kashi 0.3 cikin 100 don ya shiga ciki, in ba haka ba sama da ƙasa kawai za su rinu, tsakiya ta zauna fari fat, zaren ya zama kamar ya yanke. A ɗauki hoto da maikuroskof na konfokal hawa-hawa, tazarar kowane hawa maikuromita 0.3 zuwa 0.5. Sannan kada a yanke hukunci daga hoton da aka matse dukkan hawa wuri guda. Ƙwayoyi biyu da ke kan juna, ɗaya ja ɗaya kore, za su ba da rawaya a irin wannan hoto, a ce rini biyu sun haɗu. A juya a duba ta gefe.

Abin da ke haske da kansa shi ma yana yaudara. Zaren elastin dogo ne siriri mai lanƙwasa, yana haske a tashar kore ba tare da an sa masa komai ba. A zuciyar tsofaffi lifofusin yana haske a kusan kowace tasha. A duba yankin da ba a sa wa antibodi na farko ba, da saitin na'ura iri ɗaya. Sudan baƙi kashi 0.1 cikin 100 a barasar kashi 70 yana kashe hasken lifofusin, amma yana ƙara hayaniya a tashar ja mai nisa.

Ga masu aikin ɓera: antibodin ACK2 na c-kit da asiton yake so a kafe naman, fomalin yakan kashe shi. Sau da yawa "babu c-kit" ma'anarsa an kafe da abin da bai dace ba.

Malam Bashir:
Madalla. To a ce an yi duk wannan, an samu mai CD34 da PDGFRα, babu CD31, babu Prox1, babu CD45, ga dogayen rassa a fuska uku. Yanzu fa?

Farfesa Garba:
Yanzu sai ka ce "mai kama da telosait", ka nufi ilektiron. Nan kuma yadda aka kama naman shi ne rabin aikin. A yanka shi ƙanana, kada ya wuce milimita 1 ta kowane gefe, da reza mai kaifi, a cikin ɗigon ruwan kafewa, cikin 'yan mintuna da cire shi. Gulutaraldihaid kashi 2.5 cikin 100 a kakodilet mola 0.1, pH 7.2 zuwa 7.4. Yana shiga nama a hankali, shi ya sa babban gutsure tsakiyarsa ke lalacewa kafin ya iso. Sai osmiyam kashi 1 na awa ɗaya, a janye ruwa da barasa mataki-mataki, a zuba a rezin. A fara da yanki mai maikuromita 1 da shuɗin toluwidin don zaɓen wuri, sannan sirara na nanomita 70, a rina da yuranil da dalma.

Abubuwa uku ke ɓata hukunci. In an yi jinkirin kafewa, maitokondiriya suna kumbura, sai kowane reshe ya yi kumburi-kumburi na ƙarya. In ruwan kafewa ya fi ruwan jiki gishiri, ƙwayoyi suna tsukewa, reshen faiburobilas ya sirance fiye da yadda yake a raye. In naman yana da kumburin ruwa tun a jiki, ƙwayoyin sun miƙe sun yi tsawo. Haka kuma a yi amfani da faifan ɗora yanki mai rami ɗaya dogo da aka shimfiɗa wa fim, domin faifai mai raga sandunansa suna rufe zaren a tsakiya. A ɗauki hotuna masu hawa kan juna a haɗa su, tun daga cibiya har ƙarshen zaren. Guntun zare da ba a bi shi har jikin ƙwaya ba, ba shi da suna.

A ilektiron korewar ta fi sauƙi. Shimfiɗar jijiya tana da jikunan Weibel-Palade da shimfiɗar ƙasa. Schwann tana rungume da zaren jijiyar laka, shimfiɗar ƙasa ta zagaye ta. Mayofaiburobilas tana da damman zaren aktin masu ɗige-ɗige baƙi a ƙarƙashin fatarta.

Dakta Nura:
Sai dai akwai giɓin da ba a cika faɗa ba. Ƙwayar da ka rina a konfokal da wadda ka gani a ilektiron ba ƙwaya ɗaya ba ce, daga gutsure biyu suka fito. Ana ɗauka ne kawai cewa jinsi ɗaya ne don suna wuri ɗaya. Toshe giɓin yana buƙatar rinin zinariya a ilektiron: farafomaldihaid kashi 4 da gulutaraldihaid kashi 0.1 kawai, domin kashi 2.5 yana rufe wurin da antibodi zai kama, sai rezin LR White, sai ƙwayoyin zinariya na nanomita 10. Farashin da za ka biya shi ne fatar ƙwaya ba za ta fito da kyau ba, wato abin da kake son gani ɗin. Ko kuma a ɗauki hoton haske na ƙwaya, a yi mata alama, a bi ita ɗin dai har ilektiron. Kaɗan ne suka yi haka.

Game da fuska uku kuma: zurfin maikuromita 10 kawai yana cin yanka kusan 143 masu nanomita 70, a jere, ba a rasa ko ɗaya ba. FIB-SEM yana sauƙaƙa wannan, amma filin da yake iya ci 'yan gomman maikuromita ne, bai kai tsawon telofod ɗin da ake magana ba.

Aminu:
To me ya hana a warware da nazarin RNA na ƙwaya ɗai-ɗai? In jinsi ne na daban ai zai ware kansa.

Dakta Nura:
An yi, Aminu, kuma abin da ya fito bai faranta wa kowane ɓangare rai gaba ɗaya ba. Na farko, kafin ka karanta RNA sai ka narkar da nama da kolajines, ƙwaya ta dunƙule, rassanta su tsinke. Siffar da ita ce ma'anar telosait ta tafi. Masu dogayen rassa ma su ne suka fi mutuwa a wannan mataki, don haka adadinsu yana raguwa. Na biyu, masu Pdgfra da Cd34 suna faɗawa cikin rukunin faiburobilas, suna kuma da saƙon kolajin. A 2021 wani babban nazari da ya haɗa bayanan sassan jikin ɓera da yawa ya fitar da faiburobilas iri biyu da ake samu ko'ina, masu Pi16 da masu Col15a1, kuma masu Pi16 suna da Cd34 sosai. Babu wani rukuni guda da ya fito a dukkan sassan jiki wanda za ka nuna ka ce ga telosait.

Farfesa Garba:
Amma ka faɗi na hanji, Dakta. Nan ne hujjar aiki take.

Dakta Nura:
Zan faɗa, ranka ya daɗe, don ita ce mafi ƙarfi. A 2018 ayarin Klaus Kaestner a Jami'ar Fensilbeniya ya nuna cewa ƙwayoyi masu Foxl1 da ke shimfiɗe a ƙarƙashin fatar cikin hanji suna samar da Wnt, furotin mai kai saƙon rabuwa ga ƙwayoyin asali. Da aka cire musu ƙwayar gadon Porcn, wadda in babu ita Wnt ba ya fita daga ƙwaya, sai ƙwayoyin asali na ramukan hanji suka daina rabuwa cikin 'yan kwanaki. Sun kira su telosait saboda siffarsu. Aiki ne mai kyau. Amma waɗannan su ne ƙwayoyin da aka daɗe ana kira faiburobilas ko mayofaiburobilas na kewayen rami. Sannan a 2020 wani ayari a Boston ya rarraba su: masu PDGFRα da yawa, wato telosait ɗin, sun fi taruwa daga bakin rami zuwa sama, suna fitar da furotin saƙo na BMP, a ƙarƙashin ramin kuma akwai masu PDGFRα kaɗan da CD81, masu fitar da Gremlin 1 mai toshe BMP, aka ba su nasu sunan daban. Kuma CD34 ya fi yawa a masu PDGFRα kaɗan. Ke nan telosait ɗin da ta fi kowace hujjar aiki ba ta dace sosai da haɗin rinin da ake neman telosait da shi ba.

Dakta Hadiza:
A bangon tsokar hanji ma haka. Masu nazarin aikin tsoka, irin ayarin Kenton Sanders a Nebada, suna kiran ƙwayoyin wurin "masu PDGFRα" kawai. Sun nuna suna da tashar fotasiyam SK3 da mai karɓar P2Y1, suna karɓar saƙon jijiyar laka mai sa tsoka ta saki, su miƙa mata ta mahaɗar lantarki. Masu ilektiron suna kiran ƙwayoyin wannan wuri telosait. Ƙwaya mai saƙon lantarki a tsoka da ƙwaya mai ciyar da fatar hanji da Wnt, suna ɗaya ya rufe su, aikinsu bai haɗu ba. A ganina siffa ce da ƙwayoyin dangin faiburobilas ke ɗauka a wurare daban-daban, ba jinsi ɗaya ba.

Farfesa Garba:
Ko da haka ne, Dakta, sunan ya yi amfani. "Faiburobilas" shi ma buhu ne da aka daɗe ana zuba duk abin da ba a gane ba. Kafin 2010 wa ke tsayawa ya bi reshen ƙwayar tsakanin nama har maikuromita 100 ya ga wa take taɓawa? Abin da ban yarda da shi ba shi ne ayyukan da ake jingina mata ba gwaji: rainon ƙwayoyin asali a zuciya, saita garkuwa, jin motsi. Ganin telofod kusa da ƙwayar asali, ko ganin ƙananan buhuna suna fita daga jikinsa, maƙwabtaka ya nuna. Aiki sai an cire ƙwayar ko an kashe mata wata ƙwayar gado an ga abin da ya lalace, kuma wannan yana buƙatar alama tata ita kaɗai, wadda har yanzu babu a yawancin sassan jiki. Kundin sunayen histoloji na duniya ya fito a 2008, kafin sunan ya samu, don haka ba za ka same shi a ciki ba.

Malam Bashir:
Saura batun cuta. Ana yawan cewa telosait sun ragu a cutar taurin fata, a cutar Crohn, a gazawar zuciya.

Dakta Hadiza:
A nan sai a yi hattara sau biyu. Ɓacewar CD34 ba ɓacewar ƙwaya ba ce. An san tun shekarun 1990 cewa CD34 yana ɓacewa daga fatar masu cutar taurin fata. A kewayen kansar nono mai kutsawa ma masu CD34 suna ɓacewa, masu αSMA su cika wurin. Furotin saƙo na TGF-β yana kashe CD34 ya kunna αSMA a ƙwaya guda. To ko sun mutu ne, ko sun sauya riga sun zama mayofaiburobilas ɗin da ke yin tabon? Rini ba zai raba ba. Sai ilektiron ya nuna alamun mutuwa, ko a yi wa ƙwayoyin alamar gado a dabba a bi zuriyarsu.

Na biyu ƙirga. A ƙirga cibiya, ba rassa ba, domin ƙwaya ɗaya tana iya ratsa yanki sau biyar. Kuma a ba da adadi a kan murabba'in milimita, ba "a kowane fili" ba. A madubi mai ninki 40, madubin ido mai lambar fili 22 yana nuna kusan murabba'in milimita 0.24, mai lamba 18 kuma 0.16. Bambancin rabi ke nan tun ba a taɓa cuta ba. In nama ya kumbura ko kolajin ya ƙaru, ƙwayoyi iri ɗaya sun bazu a fili mafi faɗi, adadi ya sauka ba wadda ta mutu.

Akwai ma ƙari a ciki da hanji mai CD34 da sauyin gado a PDGFRA, babu c-kit, wanda wasu masana cuta a Italiya suka nemi a sauya masa suna zuwa telosaitoma a 2018. Littafin rarraba ƙari na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya bar shi da tsohon sunansa na Turanci, inflammatory fibroid polyp.

Aminu:
Masu cewa sun raba telosait sun rene ta a faranti fa?

Malama Rabi:
Wannan shi ne mafi raunin duka. Hanyar da aka saba: a narkar da nama da kolajines, a tace da matata mai maikuromita 70 sannan 40, a zuba a faranti na awa ɗaya zuwa biyu don faiburobilas su manne, a kwashe na sama a ce su ne telosait. Babu abin da ya nuna cewa saurin mannewa yana raba su. Wanda ya fi shi shi ne a fitar da masu CD45 da CD31 da maganaɗisu ko na'urar tantance ƙwaya, sannan a zaɓi masu CD34 da PDGFRα, a sa rinin gane matattu don suna kama antibodi barkatai. Ko da haka abin da ka samu gauraye ne.

Bayan nan CD34 yana dusashewa a kan roba bayan sauyin faranti kaɗan, αSMA ya taso saboda taurin robar da ruwan jinin da ke cikin abincin ƙwayoyin. Kuma kowace faiburobilas da aka shuka jefi-jefi, aka rage mata ruwan jini, za ta miƙa dogayen rassa masu kumburi, rinin MitoTracker ya haska maitokondiriya a cikinsu. Don haka duk gwajin faranti yana buƙatar faiburobilas daga nama ɗaya, dabba ɗaya, a shuka su da yawa ɗaya, a abinci ɗaya, a sauyin faranti ɗaya, sannan wanda zai auna rassan kada ya san wane faranti ne wane. A kuma maimaita rinin CD34 da PDGFRα a ranar da aka yi gwajin, ba a ranar da aka raba su kaɗai ba.